Tukunyar da Iska Ta Shiga

Wani ne a ƙauyenmu, nan bayan dajin Blora. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da jikoki.

Ranar ƙaramar Sallah matarsa ta dafa miyar opor cikin babbar tukunya, kaza uku da madarar kwakwa. Washegari ta ɗauki 'yarsu Murniasih za su je gaida tsohuwarta a Tuban. Ranar shida ga wata iyayen wani yaro za su zo neman auren yarinyar, don haka ta ce za ta dawo da sassafen ranar ta yi sabon girki. Kafin nan ya riƙa cin ragowar miyar.

Tana bakin ƙofa ta juyo, ta kira shi Pak, yadda ake kiran magidanci a wurinmu. "Pak, safe da yamma ka ɗora ta a wuta. Sai ta tafasa, ka ji? Ba ɗumi na ce ba."

Ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne.

Ranar farko ya tafasa ta. Rana ta biyu ya hura wuta, hayaƙi ya dame shi, ya tsoma yatsa ya ji ɗumi, ya ce ai ya isa. Ya bar ta a buɗe ya tafi yawon gaisuwar Sallah gida gida. Ƙudaje ma suka yi tasu gaisuwar. Da la'asar ya dawo ya ci kwano biyu. Kafin magariba cikinsa ya fara kaɗa ganga. Ya shiga ban ɗaki sau bakwai.

A wurinmu duk ciwon da ba na sara ba ne, iska ce ta shiga jiki. Ba ta aljanu ba, wannan dai da ke kaɗawa. Maganinta kuwa sananne ne. A shafa mai a baya, a karza tsohon kwabo har jan layi ya fito, mutum ya yi gyatsa, iska ta fita. Matarsa ba ta nan, sai ya zo wurina, ni maƙwabcinsa, da kwabonsa, wani baƙi mai kauri da ya gada wurin kakarsa. Na karza masa. Bayansa ya koma kamar na damisa. Ya yi gyatsa, ya ce ya warke. Na tambaye shi me ya ci. Ya ce me ya haɗa abinci da iska?

Ya koma gida ya rufe tagogi. Ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ya sa rigar sanyi a cikin zafin da ke narka kwalta. Sai ya zauna yana kallon tukunya, tunani ya zo masa. In iska ta shiga mutum mai fata da ƙashi, ina ga miya? Ya ɗan ɗumama ta, ya rufe, ya ɗaure murfin da igiya, ya naɗe ta da zani biyu da bargo, ya ajiye ta a lungun da ya fi ko'ina ɗumi.

Washegari ya kwance. Miya na kumfa, tana ɓulɓul a hankali, ba itace ba hayaƙi. Ya daɗe a tsaye. Sai ya kira ni ta kan shinge, Kang yake ce mini, wato yaya.

"Kang, zo ka ga ikon Allah. Ta ce ta tafasa safe da yamma. Ga ta nan tana yi da kanta."

Na leƙa, na ja baya. Na ce ya zubar. Ya ce ni dama tun muna yara ba na son ganin ci gaban mutum.

Haka ya yi kwana uku. Ya ci, ya ruga, ya zo in karza. Bayansa ya ƙare, muka koma wuya da kafaɗa. Kullum yana mamakin ta inda iskar nan ke shigowa, ga gida a toshe.

Ranar shida ta zo. Matar ta bugo waya, motarsu ta maƙale a cunkoson masu komowa daga Sallah, sai bayan la'asar. Ta ce ya ba baƙi shayi da biskit, ya ba su haƙuri. Ya ce kada ta damu.

Da hantsi baƙi suka iso, mutum tara a mota ɗaya. Shugabansu uban yaron, Pak Wiryono, tsohon malamin makaranta mai gashin baki da sanda. Zoben baiko na aljihunsa cikin jan akwati. An kira ni in zauna a matsayin dattijon unguwa. Aka yi gaisuwa, aka sha shayi. Mutumin namu ya ga ba zai yiwu surukai su zauna da biskit ba. Ya dafa shinkafa, ya kwance bargo, ya barbaɗa barkono da soyayyar albasa a kan miya, ya kawo.

Baƙo a wurinmu ba ya cewa abinci ya lalace. Mai gida zai ce bismillah sau uku, a na ukun dole ka ci, kuma dole ka yaba. Ni na ce ina azumin sitta shawwal. Su ba su yi wannan dabarar ba.

Pak Wiryono ya kai loma. Gashin bakinsa ya motsa. Ya haɗiye, ya ce opor ɗin nan na da wani ɗan tsami da ba a samu a garinsu. Mai gida ya ji daɗi, ya ce sirrin gida ne, ya ƙara masa ludayi biyu.

Bayan azahar aka fara jawabi. Pak Wiryono ya miƙe, ya gode wa Allah, ya gode wa mai gida, ya fara kwatanta ɗansa da ƙudan zuma mai neman fure. Yana tsakiyar furen ya yi shiru. Ya ba ƙaninsa sanda, ya tambayi ina ne bayan gida. Ƙanin ya miƙe zai ƙarasa jawabin, ya kai kalma biyar, ya miƙa wa na kusa da shi sandar. Haka sanda ta zaga har ta iso hannuna.

Ban ɗaki ɗaya ne a gidan. Layi ya kai bakin rijiya. Wasu suka tsallaka gidana, wasu suka nufi gonar rogo.

Mai gida bai ruɗe ba. Ya ce ya san za a yi haka, tun da suka shigo suka bar ƙofa a buɗe. Ya shimfiɗa tabarmi, ya kwantar da mazan a jere, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kwabo. Matan suka karza wa juna a ɗaki.

Ni na aika a kira Mas Kuncoro, malamin asibitin garinmu. Ya zo a babur. Ya duba mutane, ya haɗa musu ruwan gishiri da sukari, ya ce su yi ta sha. Ya tambayi me aka ci. Aka nuna masa abin da ke cikin bargo. Ya tambayi yaushe rabonta da wuta. Mai gida ya ce ba ta buƙata.

Mas Kuncoro ya zauna a kan turmi. Ya yi bayani a hankali, kamar mai yi wa ɗan yaye. Ya ce miyar kwakwa ba ta yin yini a zafin nan in ba a tafasa ta ba. Ya ce ɗumi ɗumi shi ne gidan ƙwayoyin cuta, bargon nan kuwa gado aka shimfiɗa musu. Kumfar ba tafasa ba ce, ruɓa ce. Yanzu ko an kwana ana tafasa ta ba ta ciwuwa. A haƙa rami a binne.

Pak Wiryono na kwance rub da ciki, bayansa jawur. Ya ɗago kai da ƙyar. Ya ce shi mutum ne mai adalci. In iska ce, ba laifin kowa, magana na nan. In kuwa ruɓaɓɓen abinci aka ba mutum tara a ranar neman aure, zobensa zai koma inda ya fito.

Daidai nan matar da 'yar suka shigo da jakunkuna. Matar ta ga tabarmi, ta ga bargo, ta gane. Murniasih ta tsaya tana kallon ubanta.

Mutumin ya dubi 'yarsa. Ya dubi malamin asibiti. Ya ce a ba shi minti biyar. Ya jawo tukunya tsakar gida, murfinta a ɗaure. Ya yaye mata bargo. Ya shafa mata mai a gefe. Ya durƙusa ya fara karza mata kwabo, daga sama zuwa ƙasa, yadda ake yi wa mutum. Baƙin da hayaƙi ya bari a jikinta na kankaruwa, layi na bayyana. Ya juya ta ya yi ɗaya gefen.

Da ya gama ya sassauta igiya. Murfi ya ɗaga da kansa. Tukunya ta saki wata doguwar gyatsa, har kajina suka watse a ƙetaren shinge.

Mai gida ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Iska ce."

Pak Wiryono ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya kalli yarinyar. Ya kalli layin ban ɗaki, ya ga ba shi da ƙarfin gardama. Ya laluba aljihu, ya ajiye jan akwati a kan tabarma, ya ce shi ma ya ji, magana na nan.

Mai gida ya yi hamdala, ya goge kwabonsa, ya ɗauki ludayi.

"To, surukina, tun da ta warke, miƙo kwanonka."