Gumurzun Tanimu Marini da Shirwar Bisa Rimi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ɗan Adam dabara. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadaukin sadaukai, ma'abocin izza da alfarma, garkuwar akurki, inuwar 'yan tsaki, Malam Tanimu Marini na Unguwar Karofi, ɗan Barmo Mai Baƙin Hannu, jikan Nomau wanda ya faɗa ramin baban rini tsundum ya fito bai ce wayyo ba, tattaɓa-kunnen Gagare wanda aka ce ya rina rawani ɗari a yini guda, ko da yake dangin matarsa sun dage a kan goma sha ɗaya ne. Na rubuta shi yadda na gan shi ta saman katanga, domin masu shayin bakin titi sun fara ɓata labarin, har wani mara kunya yana cewa ba shirwa ba ce, hankaka ne.

A zamanin da wannan al'amari ya auku, yadin kanti ya riga ya kashe kasuwar marina, ramukan kakanninsa sun bushe, awaki na kwana a ciki. Abu uku kaɗai suka rage wa Tanimu na gadon ɗaukaka: doguwar muciyar da ake motsa baba da ita, da tukunyar shuni da ke ajiye a bayan ɗaki, da gashin baki. Shi wannan gashin baki shekara talatin da biyu yana renonsa, kowace Juma'a sai ya sha man shanu an murɗe bakinsa sama, kuma Tanimu yana son sa so na haƙiƙa, irin wanda bai taɓa furta wa wani mahaluƙi ba.

Musabbabin yaƙin kuwa shi ne 'yarsu Saude ta haifi tagwaye a wani gari, matarsa Lantana ta shirya tafiyar kwana goma sha biyu. Ta bar kaza wake-wake da 'yan tsaki tara waɗanda ba su wuce kwana biyu da ƙyanƙyasa ba, da agwagwa mai 'ya'ya biyar. Tana ɗaure da gyale ta miƙa masa kwando da ɗan ƙullin jan galura, domin al'adar mutanen wurin ce su shafa wa 'yan tsaki launi, shirwa ta hango daga sama ta kasa gane abinci ne.

"Malam, ga kwando, da hantsi ka kife su. Wannan kuma ka shafa musu a baya, ja dai, ka ji? Saboda a layin nan kowace..."

"Dakata, Lantana!" in ji sadauki, yana shafa gashin baki. "Ni za a koya wa rini? Jikan Nomau? Tara kika bari, tara za ki tarar. In ɗaya ya salwanta, a kira Ilu wanzami ya sauke gashin bakin nan a tsakar gida, gaban kowa!"

Lantana ta dube shi, ta ɗaga murya ta ƙetaren katanga. "Yaya Yalwa, kin dai ji ko?" Maƙwabciyarsu Gwaggo Yalwa ta amsa daga madafa cewa ta ji sarai. Da haka alkawari ya samu shaida, Lantana ta tafi tasha, sauran maganar da aka katse mata ta tafi da ita.

Abokiyar gaba kuwa ita ce Shirwar Bisa Rimi, ummul haba'isin sararin samaniya, mai wutsiya kamar almakashi, mai ido da ke ƙirga 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai, wadda ta kafa fadarta a ƙololuwar rimin bakin kududdufi, ta aza wa kowane gida jangali ba tare da ta nemi izinin mai unguwa ba. Tun motar Lantana ba ta bar gari ba ta fara shawagi a saman gidan.

A karon farko, wanda masana ke kira Yaƙin Randa, Tanimu ya jefa ƙullin galura kan rufin ɗaki cikin ƙasaita, ya yi wa kwando kallon raini, ya ce kayan mata ne da matsorata. Ya ɗauki gwafa, ya cika aljihu da tsakuwa, ya kafa sansani a gindin turmi da akushin tuwonsa. Da rana ta take, inuwa ta gifta, kaza ta yi ƙara ta kwashe 'ya'yanta zuwa ƙarƙashin rumbu, shi kuma jarumi ya miƙe, ya ja danƙo har kunne, ya yi kururuwar da ta tashi jariran gida uku: "Haaa! Shirwa! Yau kin gamu da maza!" Tsakuwa ta tashi cikin azama da shaja'a, ta bar sama gaba ɗaya, ta nufi randar da Lantana ta zo da ita tun ranar aure, ta huda ta a ciki. Yana tsaye yana kallon ruwa na malala, shirwa ta sauko ta ɗauke tsokar nama ɗaya tilo da ke kan tuwonsa.

A karo na biyu ya koma ga siyasar yaƙi. Ya haɗa itace biyu, ya yi mutum-mutumi, ya sanya masa babbar rigarsa ta Juma'a mai aska takwas, ya rataya masa tsofaffin faifan sidi a wuya, ya naɗa shi Madakin Tsakar Gida. Madaki ya yi kwarjini ƙwarai, sai dai kajin kaɗai ya tsorata, suka ƙi kusantar rumbu, suka koma tsakiyar fili inda babu mafaka. Ita kuwa shirwa ta ga an gina mata hasumiya kyauta, ta sauka a kafaɗar Madaki, ta gyara fiffike, ta bar shaidarta fara fat a kan aska ta uku. Da Tanimu ya taso mata da muciya, sai ta bi ta kansa ta sure hularsa ta yi rimi da ita. Daga ranar ya kifa kwandon nan a kansa, ya ɗaure shi da igiya a haɓa, ya ce kwalkwali ne, kuma dama don haka aka saƙa shi.

Da kwana huɗu suka shige yana gadi ba wanka ba majalisa, sai jinin kakanni ya motsa. Ya janyo tukunyar shuni, ya ga kamar ta ragu da yawa, ya ɗora laifin a kan zafin rana. Ya jiƙa, ya zuba ruwan toka, ya yi ta motsawa da muciya kwana uku har kumfa ta taso yadda ake so, unguwa ta cika da warin da tsofaffi suka ce rabonsu da shi tun suna samari. Sa'an nan ya kama 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe baki ya tsoma jiki, ya ɗaga su sha iska har kore ya juye shuɗi, ya sake tsomawa, sau uku cif, domin marinin ƙwarai ba ya tsoma ɗaya ya tashi. A tsoma na biyu kaza wake-wake ta yi tawaye, ta dira a ƙirjinsa da farce da baki. A lokacin da ya juya kan 'ya'yan agwagwa, uwarsu ta kama shi a sha-raɓa ta murɗe, ta ƙi saki sai da ya kira sunan Nomau. Duk da haka ya rina su biyar ɗin, suka jera a bayan uwarsu zuwa kwatami, suka yi nutso biyu, suka fito rawaya kamar yadda aka halicce su. Ita dai agwagwa ba ta taɓa neman taimakon kowa ba, shirwar ma tana tsoronta.

Amma a kan 'yan tsaki rini ya kama, kamu na ban mamaki. Uwarsu ta yi rabin yini tana kallonsu a karkace kafin ta yarda nata ne. Shirwa ta zo ta yi shawagi, ta ga wasu shuɗɗan abubuwa tara suna yawo, ta kewaya sau bakwai, ta koma rimi cikin ruɗani. Yini biyu ana haka. Tanimu ya fita majalisa da kwando a ka, ya tsaya gaban mai shayi ya yi wa kansa kirari: "Ni ne Tanimu na Barmo, baba mai kama har tsuntsu! Na rina rawani, na rina zane, yau na rina abin da ke numfashi!" Ya yi farin ciki a ranar, farin ciki na gaske, har ya ƙara wa gashin baki man shanu ba Juma'a ba.

To, ga maganar da ya katse wa Lantana. Shekara shida da suka wuce matan layin sun yi rigima a kan kaji har aka daina gaisawa, daga nan suka raba launi: ja na Lantana, kore na gidan liman, shuɗi na Gwaggo Yalwa. Kowace mace a layin ta san wannan, kowace yarinya mai talla ta sani, mazan ne kawai ba wanda ya taɓa tambaya. Gwaggo Yalwa kuwa tana da shuɗɗan 'yan tsaki bakwai, marayu, ciwon kaji ya kashe uwarsu. Da suka leƙo ta rariyar gindin katanga suka ga 'yan uwansu shuɗɗa da uwa mai ɗumi, sai suka shigo suka yi mubaya'a. Tanimu ya dawo daga majalisa ya ƙirga, ya samu goma sha shida, ya ɗauka albarkar shuni ce.

A rana ta goma sha ɗaya aka yi babban gumurzu, wanda ba a taɓa ganin irinsa ba tsakanin kududdufi da masallaci. Yunwa ta koya wa shirwa karatu, ta gane cewa duk abin da ke bin kaza yana tsiyau-tsiyau ɗan tsako ne, ko da an rina shi da ruwan zinariya. Da hantsi kaza ta fito da rundunarta zuwa juji a ƙofar gida, sai ga ummul haba'isi ta naɗe fiffike ta sulalo daga sama, iska na kuka a bayanta. Sadauki ya zabura, ya ɗaga muciyar kakanni sama da hannu biyu, ya ƙwala ihu, "Haaa! Ina maza! Yau ko ni ko ke!" ya sheƙa a guje, zanen shanya ya kauce masa, turmi ya kauce masa, akuyar liman ta kauce masa, igiyar kwalkwali kaɗai ta ci amanarsa, ta sassauta, kwando ya zamo ya rufe masa fuska ruf, ya ci gaba da gudu cikin duhu yana saran iska dama da hagu, har ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinsa ya auka kwatami, inda agwagwa ke jiransa da tsohuwar gaba. Da aka ciro shi, shirwa na can kusa da rimi da wani shuɗin abu a ƙafarta. Aka ƙirga, goma sha biyar.

Washegari Lantana ta sauka. Ta dubi randa, ta dubi rigar Juma'a, ta dubi mijinta da kwando a ka, ta wuce gidan Gwaggo Yalwa ta sha ruwa. Sa'an nan aka kafa shari'a a tsakar gida, mata cike da zaure.

"Na Yaya Yalwa shirwar ta ɗauka," in ji Tanimu. "Da idona na gani."

"Da wane idon, Malam Tanimu?" in ji Gwaggo Yalwa. "Kwando ne fa a fuskarka."

"To a kawo su nan! Ni marini ne, ko a mafarki na san shunina, na san galurar kasuwa."

"Ai duk shuninka ne, Malam," in ji Lantana a hankali. "Shekara shida ni nake ɗibar mata a tukunyarka."

Ya ɗaga 'yan tsakin ɗaya ɗaya, ya duba a rana, ya shinshina, ya ga rini ɗaya ne, rini mai kyau, na gidan Nomau. Tsoro ya kama shi, hannunsa ya tafi ga gashin baki da kansa.

Matan suka yi shawara, suka yanke hukuncin da har yau ba a samu mai tayar da shi ba. Tunda ba wanda ya san na wa aka ɗauka, hasara ta zama ta biyu. Lantana ta ɗauki takwas, Gwaggo Yalwa shida, na goma sha biyar a yi kiwonsa tare, in ya girma a yanka a raba. Ke nan Lantana ta bar tara, ta tarar da takwas da rabi. Rabin ɗan tsako ya salwanta, kuma Lantana mace ce mai adalci, ba ta karɓar fiye da haƙƙinta.

Aka kira Ilu wanzami. Ya shimfiɗa zabira, ya wasa aska a tafin hannu, ya durƙusa gaban jikan Nomau cikin ladabi.

"Malam, dama ko hagu?"

Hawaye ya gangaro wa sadaukin sadaukai, ya tsaya a murɗin man shanu. "Hagu," in ji shi.

Aska ta wuce sau uku, rabin renon shekara talatin da biyu ya zubo a cinyarsa. Lantana ta kwance igiyar haɓarsa, ta cire kwalkwalin, ta karkaɗe shi, ta kife 'yan tsaki da shi, ta ɗora dutse a kai, ta shiga madafa. Tun daga ranar ba a sake rasa ko ɗaya ba. Shi kuwa Malam Tanimu ya sauya wurin zama a majalisa, ya koma ƙarshen benci ta jikin bango, kuma duk mai son gaishe shi sai ya zagayo ta dama.