Rasuwar Doreen a Tsakiyar Kogin Rakaia

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu daban da har yanzu ban sama masa suna ba, ni Elspeth Kinnaird ta gidan ƙetaren kogi nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin ɗalibaina rasuwar kwale-kwalena mai inji, wadda duk kwarin nan ya sani da suna Doreen. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da yamma, a kan tsakuwa, a tsakiyar kogin Rakaia, bayan doguwar jinya da masu magani da yawa suka sa wa hannu.

Ba a tabbatar da shekarunta ba. Wanda ya sayar mini da ita bara ya ce ba ta wuce ashirin ba, amma fentin da ke ƙarƙashin fenti ya ƙaryata shi. Shi ya raɗa mata sunan matarsa, wadda a cewarsa ba ta taɓa yarda ta sa ƙafa a ciki ba. Ban canja sunan ba.

Ta rasu ta bar 'yar tirelar da ake jan ta a kai, mai taya ɗaya da ke sacewa, da jarkokin fetur, da igiya, da sandar turi da maƙwabcina Tipene ya sassaƙa mata, da karena Deacon wanda har yau yake zuwa bakin ruwa da safe ya zauna yana jira. Ta kuma bar ni, kuma a nan maganar take.

Wanda yake mamakin abin da ya kai tsohuwa mai shekara saba'in da shida sayen irin wannan abu, ga amsarsa. Bayan rasuwar mijina Alasdair, 'yata Rhona ta zo daga Ashburton ta zaunar da ni a kicin ɗina, muka yi yarjejeniya. Zan zauna a gidana muddin ina iya ƙetare kogi da kaina. Ranar da na kasa, zan koma gidan tsofaffi kusa da ita. Na yarda, domin a lokacin da tarakta nake ƙetarewa, ta mashigin da Alasdair ya yi shekaru yana bi. Sai ambaliya ta zo ta cinye mashigin, kogin ya dawo da zurfinsa ta gefen gidana. Rhona ta fara tambayata wane launin labule nake so a ɗakina na gidan tsofaffi. Ni kuwa na sayo Doreen.

Al'ada ce a faɗi kyawawan halayen mamaci, kuma a wannan karon ba sai an yi ƙarya ba. Marigayiya ba ta da farfela a waje da dutse zai karya. Ruwa take sha ta rariyar ƙarfe da ke ƙarƙashin cikinta, ta feso shi ta baya, ta tafi. In ta sami gudu sai ta ɗago ta hau saman ruwa, ta wuce inda ruwan ko idon sawu bai rufe ba. In aka rage mata gudu sai ta nutsa ta zauna, rariyarta ta kusanci ƙasa, ta fara haɗiyar tsakuwa. Ba ta da birki. Sitiyarinta ba ya jin magana sai ana taka totur. Duk abin da aka gaya mini tun ina yarinya, cewa in ka ga haɗari ka sassauta, Doreen ta nuna mini cewa a kogin nan in ka ga haɗari ka ƙara wuta. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da kimiyya a sakandare, ina roƙon yara kada su yarda da magana don kawai babba ne ya faɗe ta. Ban taɓa samun ɗalibar da ta ɗauki darasin kamar ta ba.

Muryarta ma abin tunawa ce. Da safe takan yi tari, kuh, kuh, kamar dattijon da ke shirin yin jawabi, sannan ta kama, rurururu, a ƙasan maƙogwaro. In ta hau saman ruwa kuwa sai muryar ta zama siririya, wiiii, tumaki su watse a gaɓa. Ina ji da ƙyar yanzu, amma wannan ina jin ta har a haƙarƙarina.

Kada wani ya ce ba ta sami kulawa ba. Ranar da aka kawo ta, babu namijin da ya wuce bai ba ni shawara ba, har da waɗanda kwale-kwalen da suka taɓa shiga shi ne bahon wanka. Na riƙe abin da na iya gwadawa, na zubar da sauran. Ina sa mata giris bayan kowace fita. Ina zare ciyawa da itace daga rariyarta da hannuna. Ba na tayar da ita sai na tura ta ruwa ya kai mini gwiwa. Ina duba baƙin mai kafin in duba fuskata a madubi. Ina taɓa bututun da ke kai wa inji ruwan sanyi in ji ko yashi ya taru. A hannuna ba ta taɓa ko zazzaɓi ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da kyauta. Farkon hunturu Rhona ta ce, tun da ranar haihuwata ta zo, ita za ta biya a kai Doreen garejin Desmond a yi mata sabis gaba ɗaya. Na ji daɗi, na ɗauka ta haƙura. Aka dawo da ita a wanke, tana sheƙi, tana ƙamshin sabulu. Na taka ta, ta tashi kamar mai ciwon baya. Tana hawa saman ruwa, amma sai ta yi dogon tunani tukuna, kuma siririyar muryar nan ta ɓace.

Na kira Desmond, wanda na koyar da shi yana zama a layin baya yana cin murfin biro. Ya ce, "Fulogi ne, Malama. Canja fulogi." Na canja. Ya ce, "To man ne. Kin san fetur ɗin yanzu, rabinsa ruwa." Na zubar da tanki guda, na canja matatar mai. Tipene ya zo ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila, ya fito yana kakkaɓe wando ya ce, "Farfelar ciki lafiya lau, Malama, haƙoranta sun fi nawa. Inji kuwa aikin Desmond ne, ba na sa hannu a miyar wani." Wani ya ce in zuba mata maganin wanke kafireta. Wani ya ce nauyin kare ne. Deacon bai kai buhun abincin kaji ba.

Sai a wajen shan shayi bayan coci Noeline mai buga piyanon cocin ta dafa ni ta ce, "Elspeth, 'yar uwa, ko dai ƙafar ce? Ni ma tawa ta daina kai feda ƙasa, waƙoƙin nan da kike ji rabinsu addu'a ce ke riƙe da su." Aka yi dariya, na yi. Da na sake kiran Desmond na ba shi labari, sai ya ce, "Kada ki ji haushi, Malama, amma maganar Noeline abar dubawa ce."

Ni da ban yarda da likita ba sai na ga takardar gwaji, ni da na yi musu da fasto a kan shekarun duniya a gaban jama'a, wannan maganar na haɗiye ta ba ko tauna. Na jingina sikelin banɗaki da bango, ina zama a kujera ina danna shi da ƙafar dama, ina karanta lamba. Na yi ta ɗaga gwangwanin fenti da yatsun ƙafa. Na fara ba Doreen haƙuri da baki idan mun fita. Tsufa dai kowa ya san yana tafe, shi ya sa da aka ce ya iso ban nemi shaida ba.

Ranar Talata na dawo daga garin Methven da cefane da tukunyar gas. Iskar arewa maso yamma ta wuni tana busawa, wanda ya san kogin nan ya san ana ruwa a kan duwatsu ke nan, kuma yana tafe. Hanyar da na bi da safe ta riga ta sauya. Na hango wurin da ruwan ya baje ya yi siriri a kan tsakuwa, da kwana a bayansa. Na san abin da ake yi, na sha yi. Na danna totur da duk abin da ƙafar nan ta mallaka. Doreen ta ce rurururu, ba ta ƙara komai ba. Ta ƙi shan kwanar, ta zame, ta zauna. Sai na ji abin da duk mai irinta yake tsoron ji: kas, kas, kas-kas-kas, tsakuwa a cikin ciki.

Da ruwa ba ya tasowa, da na kashe ta nan take. Amma yana tasowa, ya riga ya sauya launi. Na ci gaba da takawa ko za ta fizge. Yashi ya toshe mata bututun ruwan sanyi, ta ɗauki zafi, ta yi wari kamar an manta tukunya a wuta. Kalmarta ta ƙarshe gum ce, guda ɗaya, a hankali. Inji ya buga.

Tipene ne ya hango hayaƙi daga garkensa ya zo da nasa kwale-kwalen. Da ya iso ya ce, "Malama, nan kika zaɓa ki yi fikinik?" Amma fuskarsa ba ta yi dariya ba, kuma sai da ya cire rigarsa ya lulluɓa mini kafin ya ɗaga ni kamar ɗan rago. Ruwan ya ja da baya washegari, ya bar ta inda take.

Shi ya yi binciken gawa, ina tsaye. Ya cire murfin da ke kan kafireta, ya yi tsai, ya ce, "Malama, zo ki gani. Ko kuma kada ki zo." A daidai inda wayar totur ke haɗuwa da inji an ɗaura wani ɗan noti, sabo fil, an matse shi da kyau, an ma shafa masa jan fenti don kada ya kwance. Ko ɗan dambe ne ya taka, ba za ta buɗe fiye da rabi ba. Aiki ne mai tsafta. Ban taɓa ganin Desmond ya yi aiki mai tsafta haka ba.

Na kira Rhona. Ba ta musa ba, wannan kam ni ta gado.

Ta ce, "Mama, mutane suna kirana suna cewa sun gan ki kina shan kwana kamar 'yar shekara ashirin. Na daina barci."

Na ce, "Sai kika sa aka ɗaure mata ƙafa."

"Rage mata gudu na sa aka yi. Kowa ya san gudu ne ke kashe mutane."

"A kan kwalta, Rhona. Kuma kika bar ni wata da watanni ina danna sikeli kamar mahaukaciya."

Ta yi kuka, kukan gaske, na san bambancinsa tun tana cikin zane. Da ta share hanci sai ta ce, a hankali, "Na yi kuskure, na yarda. Amma Mama, ko ma mene ne dalili, kin kasa ƙetarewa. Haka muka yi da ke."

Ina da amsa, kuma amsa ce mai kyau. Ban kasa ba, kayar da ni aka yi. Na maimaita ta ga Deacon, na maimaita ta ga butar shayi. Sai dai akwai abin da notin nan bai bayyana ba. Bayan Doreen ta cika, na sauka cikin ruwa don in ɗaure ta a jikin wani kututture. Yatsuna suka ƙi ƙulla igiyar. Da na juyo zan koma ciki, na kama gefenta, na ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi kaiwa. Na sake, na sake. A tsaye Tipene ya same ni cikin ruwan ƙanƙara, ina rungume da ita ta waje. Babu wanda ya ɗaura mini noti a wannan. Tipene bai gaya wa kowa ba, ya ce ba zai faɗa ba. Na ga gara a ji daga bakina. Da ba a taɓa Doreen ba, da ban zauna a kan tsakuwar ba ranar Talata, wannan na tabbata. Ko akwai wata Talatar da ke jirana, wannan ba ni da yadda zan gwada.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in kogi ya yarda. Tipene zai jawo gawar zuwa gaɓar gidana. Desmond zai cire injin da hannunsa, kuma an roƙe shi kada ya yi jawabi. Gangar jikin za a kife ta a ƙarƙashin itatuwan da ke bayan rumbun ulu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Ba a buƙatar furanni. A zo da takalmin roba. Akwai shayi da naman rago a kicin, Noeline ta ɗauki nauyin kek.

Za a watse kafin iska ta juya. Tipene ne zai mayar da masu ta'aziyya ƙetare, kuma Rhona ta roƙe shi ya bar mini wuri ɗaya a gaba, kusa da ita. Ta ce ba sai na haɗa kaya ba, jaka ɗaya ta isa, ɗakin gidan tsofaffin kawai za mu je mu gani. Jakar tana kan gado, a buɗe. Zan raka ku har bakin ruwa. Abin da zan yi in mun isa can, ina roƙon kada kowa ya ba ni shawara.