Rasuwar Baƙin Sa, Amfilin Gidan Malam Halliru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da ilimin da bai amfana ba, Malam Halliru, malamin fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, ta garin Garwa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabtan unguwar Yelwa, musamman waɗanda suka daɗe suna addu'ar zuwan wannan rana, rasuwar amfilinsa, wato akwatin ƙarfen nan mai ƙarfafa sauti wanda aka fi sani da Baƙin Sa. Ya cika jiya Laraba, goma ga Afrilu 2019, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma, a falon gidan, bayan gajeriyar jinya, a hannun masu ƙaunarsa. Su ne kuma suka kashe shi.

An ƙera marigayin a wata ƙasa mai sanyi, ya yi aurensa na fari a can, sannan ya sauka tashar jiragen ruwa ta Duwala a matsayin na hannu. A shekarar 2001 Malam Halliru ya ɗauko shi a jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, daga nan ya riƙe shi a cinya cikin mota har Garwa. Shekara goma sha takwas marigayin ya yi a kan kujerar mulki ba a sauya shi ba, abin da a ƙasarmu ake kira farkon wa'adi.

Mutum ne mai nauyi, baƙi, marar yawan magana. In an kunna shi sai ya yi shiru na ɗan lokaci kamar dattijon da aka yi wa tambaya, sannan ya ce ƙyas, sannan ya yi gyaran murya can ƙasa-ƙasa. Ya ga ɗaukewar wuta fiye da yadda za a ƙirga, ya ga dawowarta da hauka, bai taɓa kai ƙara ba. Ya buga kalangun mahauta har kofunan shayi suka yi rawa a kan faranti, ya buga kiɗan Kongo, ya yi ihun ƙwallo har awakin maƙwabta suka tsinke igiya.

Ya bar lasifika biyar, uku a gaba biyu a baya, da wata ƙatuwa mai gurnani da ke kwance a ƙasa, dukansu yanzu marayu, baki buɗe. Ya bar rimot ɗaure da roba. Ya bar na'urar kaset, abokiyar zamansa. Ya kuma bar wani aiki guda wanda ba a san mai gadonsa ba, kuma saboda wannan aikin ne ake roƙon mai karanta sanarwar nan ya karanta a ransa.

Ga aikin. A daminar 1987 mahaifin Malam Halliru, Alhaji Ɗanmalam dillalin shanu, ya maƙale a Tibati wata biyu da garke a hanyar kudu. Ba ya rubutu, sai ya yi abin da fatake suka saba: ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba direba ya kawo gida. Minti goma sha ɗaya ne. Akwai farashin bijimai a ciki, da ciwon ƙafa, da umarnin a gyara rufin ɗakin kaji. Amma a farkonsa Alhaji ya kira matarsa da sunanta, ya ce, "Kina ji na?" A zaman shekara arba'in da wani abu bai taɓa kiran ta da suna a cikin gida ba, daga "ke" sai "mutanen ciki". Sau ɗaya ya yi, daga nesa, a gaban na'ura. Ba za a rubuta sunan a nan ba, domin mai sanarwar ɗanta ne na fari.

Tun da Alhaji ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, kowace Juma'a bayan la'asar Dada, wato mahaifiyar Malam Halliru, takan lallaɓo bango zuwa falo, ta zauna a tabarmarta gefen lasifikar hagu, a sa mata kaset. Shekarunta tamanin da huɗu, idanunta sun tafi, kunnen dama ma ya bi su. An taɓa gwada mata kaset ɗin a ƙaramar rediyo, ta ce a kashe, wannan ba shi ba ne, Alhaji bai taɓa magana da hanci ba. Baƙin Sa kaɗai ke fito da muryar daga ƙirji, da kaurin nan da ke girgiza tabarma. Juma'a ɗaya aka taɓa yi babu wuta, Dada ta kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba, sai da aka kira likita.

Wannan kaurin shi ne abin da Malam Halliru, mai digiri daga Yawunde, yake kira aibin ɗaki. Falon dogo ne, bangon siminti, rufin kwano, sauti yana dukan bango yana dawowa yana taruwa a kusurwoyi. Kowa a gidan yana jin daɗinsa, shi kaɗai ke jin kuskure. Da ya karanta cewa akwai wani ɗan akwatin zamani da ake haɗawa tsakanin na'urori da amfili, ya auna ɗaki da makirfo, ya rage inda sauti ya yi yawa, ya ƙara inda ya gaza, ya daidaita isowar kowace lasifika zuwa kunnen mai sauraro, barci ya ƙaurace masa har sai da akwatin ya iso.

Jinyar ta fara ne da azahar ɗin Laraba, da zuwan Raphaël, abokin aikinsa mai koyar da lantarki. Saboda baƙo zai shigo, Mairamu matar Malam Halliru ta lulluɓe marigayin da sabon mayafin saƙa mai furanni, daidai kan ramukan da yake shan iska. Malam Halliru ya gani. Ya yi niyyar cirewa in ta fita, ya manta.

Raphaël ya ɗaga makirfo ya ce, "Professeur, ina kake zama in kana sauraro? A nan za mu kafa shi."

Malam Halliru ya nuna darduma kusa da ƙofa, inda yake zama tun mahaifinsa na da rai.

"A ƙasa? Mutum mai lasifika shida, a bakin ƙofa kamar wanda ya zo cin bashi? Sai dai a kujera, daidai tsayin kunne. Wacce ce ta maigida?"

Daga bayan labule Dada, wadda ake zaton ba ta ji, ta ce, "Kujerar gidan nan ɗaya ce."

Kujerar Alhaji ce, ta katako mai hannuwa, can a ƙuryar kusurwa, wadda ake gogewa kullum amma ba wanda ya zauna a kai tun ranar da aka fita da shi. Malam Halliru yana koya wa yara 'yan shekara goma sha shida cewa kusurwa ita ce wuri mafi muni na auna sauti, domin a nan kauri ke taruwa. Raphaël ya dube shi yana jiran ya yi magana. Malam Halliru ya dubi labule. Ya ɗauki makirfon da hannu biyu ya kai shi kujerar, har da ɗan rusunawa.

Awo yana son shiru, shiru kuwa a Yelwa sai an ƙwato shi. Aka rufe tagogi, aka kashe fanka, a watan Afrilu, a Garwa, da rana tsaka. Akwatin ya fara sa marigayin yin wani kuka da bai taɓa yi ba, wuuuiii, daga can ƙasa har sama inda kunne ke tsami, lasifika bayan lasifika. A ta uku ɗan acaba ya wuce, aka koma farko. A zagaye na biyu injin niƙan maƙwabta ya tashi. A na huɗu Raphaël da kansa ya yi atishawa. Sau bakwai marigayin ya yi wannan kukan a ƙarƙashin furannin Mairamu, gumi yana ɗiga daga haɓar malamai biyu, ba mai iya ko fifita da takarda.

Da aka gama, Dada ta shiga ɗakinta alwala, Malam Halliru ya sa kaset ɗin Alhaji don gwaji, ya durƙusa gefen tabarmarta. Akwatin ya yi aikinsa da gaskiya: ya ji kauri ya yi yawa a kusurwa, sai ya yanke shi daga ɗakin gaba ɗaya. Wani siririn mutum ya fito daga lasifika yana faɗin farashin bijimai da hanci.

Raphaël ya miƙa kansa saitin kujerar, ba tare da ya zauna ba, ya ce, "Amma a nan fa parfait, cif-cif! Zo ka ji."

A duk faɗin falon, wuri ɗaya ne Alhaji yake Alhaji, shi ne wurin da ba mai iya zama.

A jikin akwatin akwai maɓalli guda wanda in an danna, komai zai koma yadda yake. Raphaël ya nuna shi. Malam Halliru ya ce a'a, lissafin daidai ne, ƙarfi kawai ya rage. Ya murɗa kauri har ƙarshe, ya murɗa ƙara. Ya mayar da kaset farko, ya ƙara murɗawa. Alhaji ya buɗe baki, ya kira sunan, ya ce, "Kina j..." Marigayin ya ce ƙyas, kamar yadda ya saba gaisuwa, sai dai wannan karon babu gyaran murya a bayanta. Wani siririn hayaƙi ya ratso ta tsakanin furanni.

Raphaël ya kwance shi, ya shinshina, ya cire hularsa. Ya ce kayan cikinsa sai Duwala, in ma an samu, mako uku. Kaset dai bai ji ciwo ba. Akwatin gyaran ɗaki shi ma yana nan lafiya lau, fitilarsa kore, yana nuna an yi nasara.

Daga nan gidan ya shiga tafiya da sanɗa. An fitar da gawar zuwa zaure a cikin bargo, an kunna turaren wuta, an hana yara ambaton komai. Malam Halliru ya bi gidajen abokai uku da kaset a aljihu, ya gwada amfili uku, kowanne ya ba shi mai magana da hanci. Juma'a kuwa tana tahowa a kan ƙa'idarta.

Yau Alhamis da hantsi, ana tsakiyar rubuta wannan sanarwa, Dada ta aika a kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofarta.

"Malam," ta ce, don ita ma ba ta kiran sunansa, "ido na rasa, ba hanci ba. Turaren Mairamu bai kai warin waya ba."

"Dada, za a gyara. Mako uku kawai."

"Ni ka ba ni mako ukun a rubuce?"

Kafin ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Shekara goma sha ɗaya kana zaune bakin ƙofa kana ji tare da ni. Ka haddace ko ba ka haddace ba?"

"Na haddace, Dada."

"To. In kana yi wa yara faɗa a tsakar gida nakan ɗauka shi ne ya dawo. Ƙirjin ɗaya ne. Gobe ka hau kujerar ka faɗa mini. Ai kun auna, kun ce a nan ne ya fi fita."

"Dada, kujerar Baba ce."

"Ƙarfen awonku ma ya hau ta jiya, bai mutu ba. Wanda ya mutu wanda aka lulluɓe ne."

Malam Halliru ya tambayi abin da ya fi kujerar nauyi. "Farkon fa, Dada? Wurin sunan?"

"Wannan kuma," ta ce, "kai ka yi karatu."

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Ba za a yi wa marigayin salla ba, liman ya riga ya yi bayani a kan haka da fuska ɗaure. Gobe Juma'a da safe za a kai gawar shagon Raphaël a bayan babur, a ajiye ta a kan kanta ta sama tare da sauran 'yan'uwanta masu jiran kaya daga Duwala. Mayafin saƙa zai raka shi, Mairamu ta yafe. Akwatin gyaran ɗaki kyauta ne ga duk mai so, da sharaɗin gidansa babu kusurwa, babu uwa.

Za a karɓi gaisuwa a zaure har zuwa la'asar. Bayan la'asar ana roƙon jama'a su yi shiru irin wanda aka kasa samu ranar Laraba, mai injin niƙa ya yi haƙuri na minti goma sha ɗaya. Tagogi za su kasance a buɗe, fanka a kunne. Malam Halliru, mai shekara hamsin da uku, zai hau kujerar mahaifinsa. Har zuwa lokacin rufe wannan takarda ya gwada farkon saƙon sau tara a bayan gida, bakinsa yana tsayawa a harafin farko.

Duk wanda ke zaure ya ji an yi shiru mai tsawo kafin a ce "Kina ji na?", kada ya leƙo, kada ya taimaka. In kuma ya ji an kira suna, bai ji ba.