Asabiyya da Hauya

Saura ƙiris in ƙi ba da wannan labari. Sai na tuna duk ƙauyenmu Dogo-Dogo an riga an san shi, kuma kullum ana ƙara mai gishiri, gara ku ji daga bakin mai shi. Ba zan taɓa mantawa da daminar ba.

Ni dai ɗan kasuwa ne, zaune a Magarya, kuma na ci hanya: Kano, Agadas, Kwatano, har Tamanrasat. A cikin kar, babbar motar fasinja ta Agadas, na taɓa zama kusa da wani mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya kwashe yini guda yana ba ni bayanin wani malamin Larabawa na zamanin da. Wai mutanen daji, masu wahala da riƙon juna (asabiyya ya kira abin), su ke kafa daula. Kaka ya gina da guminsa. Ɗa ya ga yadda aka yi, ya riƙe. Jika ya ji labari, ya kwaikwaya. Na huɗu ya tashi cikin inuwa da katifa, ya zaci abin daga sama ya faɗo, ya watsar. Wallahi tun ranar maganar ta shige ni. Ko shayi aka zuba mani sai na sako asabiyya.

To, sai ƙanena Sani, wanda ke riƙe da gandun babanmu a ƙauye, ya aiko wai a raba gona, kowa ya kama tasa. Na hau kabu-kabu na taho da fushina. Aka taru a zauren Baffa, ƙanen babanmu, na miƙe na zuba musu daula tun daga kaka har jika. Na ce raba gandu shi ne mutuwar gida, kuma ƴan yanzu su ne na huɗun, masu latsa waya. (Ina faɗa ina nuna ƴaƴan Sani da tawa wayar.)

Sani ya bari na gama, ya ce, "Yaya, asabiyyar nan tana noma? Don mu nan hauya muka sani. Kai kuma sai kaka muke ganin buhunka."

Na ce a ba ni hauya. Gobe in Allah ya kai mu ni kaɗai zan fara noman gandu, in rana ta take tsaka ban yi abin kirki ba, a raba.

Ana sallame asuba na saɓa hauya na fita, ban tambayi kowa hanya ba. Ni da aka haifa a nan? In ka wuce rijiya, ka nufi babban gawo, gonarmu ke nan. Na ga gawo, na tuɓe riga, na duƙa.

Jama'a, na yi noma. Tumbina na gaba, ina biye da shi. Hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe. Bayana ya riƙe kamar an ɗaura mani turmi. Masu wucewa da jakuna suna ta "Sannu da aiki, Alhaji!" suna murmushi, ni ko na ɗauka sha'awa ce.

Da hantsi sai ga Ilu, taubashina, ɗan ƙanwar babanmu. Ya shimfiɗa buzu a gindin gawon, ya zauna, ya miƙo mani goran fura.

"Sha, bawana, ka ƙara ƙarfi. Amma ka bar haki a layin can."

Na ce, "Ka gani ko, Ilu? Jinin kaka bai mutu ba."

Ya ce, "Ina ko gani. Dage ta yamma."

Na dage. Mutumin nan sa'a biyu yana nuna mani inda zan noma, ni kuma ina ba shi tarihin daulolin duniya tsakanin nishi da nishi.

Rana ta take tsaka, sai ga Baffa da Sani da rabin gidanmu. Ashe tun safe ake nemana, har an je an leƙa rijiya. Na dogara da hauya, na nuna musu aikina da haɓa, na ce, "To, Sani, a raba?"

Sani ya dubi gona, ya dube ni, ya dubi Ilu. Sai ya zauna a ƙasa.

Baffa ne ya iya magana. "Ɗana, gawon namu ya faɗi tun shekarar da ka tafi Makka. Gandunmu ga shi can bayan gamba. Nan gonar Ilu ce."

Dariyar da aka yi, har jakin da ke can nesa ya amsa. Ilu kuwa ko gezau, yana kaɗa sauran fura. Wai shi baƙo ya gani da niyyar alheri, ina shi ina hana shi lada?

Ku yi dariyarku, amma ni ban janye ba. Nan take, ba riga, hannu na jini, na ce malamin nan gaskiya ya faɗa, ga hujja tsaye a gabanku, ni ne na huɗun, kuma don haka ne ma ba za a raba ba. In aka yanka mani tawa, wa zai nuna mani inda take? Sani yana share hawayen dariya ya ce ya ji, an fasa bana. Sharaɗi ɗaya: kowace damina in zo da ƙafata, buhu ya biyo baya. Na ce na yarda, kuma ina zuwa. Abin da na koya bai da yawa: kafin ka ba mutane labarin iyakar daula, ka nemi wanda zai nuna maka iyakar gonar ubanka.

Da la'asar ina kwance rub da ciki a zaure, ana gasa mani baya da ruwan zafi, Ilu ya leƙo da hauyar a hannu.

"Alhaji, ɓangaren gabas fa ya rage. Gobe ƙarfe nawa zan kawo furar?"