Oga Mansir Ya Goge Burtali

Ku raba ni da 'yan kwas ɗin sati biyun nan, don Allah. Mutum ya je birni ya ci shinkafar otel, a rataya masa kati a wuya, ya dawo yana kallon kowa shaƙeƙe. Bari in ba ku labarin namu, a ofishin safiyo na ƙaramar hukumar da nake aikin akawu. Sunan garin kuwa ba za ku ji shi a bakina ba, ina da iyali.

Bara aka turo mana wani mutum, wai shi Mansir, aka ce shi ne jami'in kula da na'urori. Na'urorin kuma kwamfuta ce guda ɗaya tak, sai injin buga takarda da ba ya motsi sai an mare shi. Shi Mansir ɗin, ba wanda ya nemi a kawo shi. Takarda kawai muka gani daga sama, aka raɗa mana cewa yana da ɗaurin gindi. Ranar farko ya ce a riƙa kiransa Oga. Daga nan sai zama a gindin fanka, da latsa waya, da aika masinja sayen tsire.

Akwai kuma Malam Barau, tsohon safiyonmu. Shekara talatin da huɗu yana aiki, saura wata huɗu ya yi ritaya, kuma ko takardar gargaɗi ba a taɓa rubuta masa ba. Shekara biyun nan na ƙarshe a daji ya yi su. Kun san burtali, hanyar shanu, wadda duk damina sai an zubar da jini a kanta tsakanin manoma da makiyaya. To shi ya bi ta da ƙafa tun daga bakin rafi har iyakar ƙaramar hukuma, da na'urar awo a hannu, gona bayan gona. Ƙaya ta ci masa takalma uku, karen wata ruga ya yage masa wando. Duk abin da ya auna ya zo ya zuba a kwamfutar nan da yatsansa ɗaya, don da girmansa ya koya. An sa ranar Alhamis ciyaman zai zauna da dagatai da Arɗo, shugaban makiyaya, a duba taswirar, kowa ya ga iyakarsa.

Ranar Litinin Malam Barau ya tafi kafa turakun ƙarshe. Yana fita, kwamfuta ta ɗan yi nauyi, Oga Mansir ya samu abin yi. Ya naɗe hannun riga ya ce yau ranar shara ce.

Can sai na ji ya ƙwala mini kira. "Malam Tsalha, zo ka ga ɓarna!"

Na zo na leƙa. Ya buɗe inda Malam Barau ke ajiye aikinsa. Ga fayil an rubuta Burtalin Gabas, ƙarƙashinsa Burtalin Gabas, ƙarƙashinsa haka, har sau huɗu. Bambancinsu kawai haruffa ukun nan da ke zuwa bayan ɗigo a ƙarshen suna: wannan shp, wannan shx, wancan dbf, ɗayan prj. Kowane yanki na burtalin haka yake, huɗu-huɗu.

Ya danna ɗaya. Kwamfuta ta tambaye shi da me yake so a buɗe. Ya danna na biyu, ta sake tambaya. Sai ya juyo yana murmushi.

"Ka gani ko? Ita kanta kwamfutar ba ta san su ba."

Na ce, "Oga, ai akwai manhajar da Malam Barau ke buɗe su da ita. A bari ya dawo mana, ko a kira shi, ga lambarsa."

"Ni? In kira mai rubutu da yatsa ɗaya in tambaye shi kwamfuta? Haba Malam Tsalha!"

"To ga waya a hannunka. Rubuta haruffan nan uku ka ga abin da za a ce."

Ya yi tsaki. "A kwas an gaya mana, haka bairos ke hayayyafa. Suna ɗaya, wutsiya daban-daban. Tsohon nan ya cika mana na'ura da cuta."

Na ce a ƙalla a kwashe su gefe guda a bar su sati ɗaya, in ba wanda ya yi kuka sai a goge. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai akawu ne ko injiniya?"

Wallahi ina tsaye ina kallo. A kowane huɗu sai ya bar mafi nauyi, wai shi ne uwar, ya goge ukun, wai 'ya'yan bairos. Yanki arba'in da wani abu, haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗan rera waƙa. Da ya gama ya shiga kwandon shara ya zazzage shi tas, don kada cuta ta dawo. Bidiyon bikin ƙanensa kuwa, da ya cinye fiye da rabin wurin, wanda shi ne ma ya sa kwamfutar nauyi, ko taɓa shi bai yi ba. Wannan ai ya san shi.

Ranar Laraba Malam Barau ya dawo da ƙura har gwiwa. Ya zauna, ya sa tabarau, ya buɗe manhajarsa. Babu taswira. Ya rufe ya sake buɗewa, sai wani ɗan rubutu da ke cewa ba a ga sauran fayilolin ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Sannan ya waiwayo.

"Oga, an taɓa mini aiki ne?"

"Na yi maka shara, Baba. Godiya ya kamata ka yi."

Tsohon nan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, taswira ɗaya ce aka raba gida huɗu. Ɗaya zanen ne, ɗaya shi ke jera zanen, ɗaya sunayen masu gonaki, ɗaya shi ke nuna a ina ƙasar take a duniya. Kamar ƙafafun kujera suke. Ka cire uku ka bar ɗaya, a kan me za a zauna?"

Na ga idon Oga ya ɗan yi rawa. Na ce to, yanzu zai ba da haƙuri. Ina! Sai ya zari jakarsa ya fice. Ashe ofishin ciyaman ya nufa, don ya riga kai ƙara. Kafin la'asar labari ya zagaye sakatariya cewa Malam Barau, saboda sakaci da rashin sani, ya jawo bairos ya cinye taswirar burtali, aikin shekara biyu. Har an buga takardar sallama da laifi, sa hannu kawai ta rage. Kuma ni aka ba na kai ta teburin ciyaman, ku ji fa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya yi shekara talatin da huɗu ba tabo, a kore shi kamar ɓarawon akuya saura wata huɗu, saboda wani gaɓo ya ga haruffan da bai sani ba. Na so in buɗe baki a ranar, sai na tuna ɗaurin gindin nan, na haɗiye. Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro na ji. Shi kuwa Malam Barau ya yi alwala ya yi sallarsa, ya hau kekensa ya tafi gida.

Alhamis zaure ya cika. Dagatai biyar, Arɗo da mutanensa sun jingine sandunansu a bakin ƙofa, manoma har tagogi. Ciyaman ya sha kunu, takardar sallama a gabansa, biro a buɗe a hannunsa. Oga Mansir ya sha kwat a wannan zafin, ya rataya katin kwas a wuya, ya ɗauko kwamfutar da kansa ya dasa a tsakiya don a ga shaida.

Ciyaman ya ce, "Malam Barau, na tara mutane a kan aikinka, an ce babu aikin. Me za ka ce?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar."

Sai ya cire hularsa, ya sa yatsu a cikin naɗinta, ya zaro wani ɗan filas ƙarami, irin na ajiye fayilolin kwamfuta, an ɗaure shi da zare. Ashe duk ranar da ya tashi aiki sai ya kwafe abin da ya yi a ciki. Ya soka a kwamfuta, ya danna da yatsan nan nasa ɗaya. Sai ga burtali ya miƙe a allo tun daga rafi har iyaka, gonaki dama da hagu, kowace da sunan mai ita. Arɗo ya matso ya sa yatsa ya ce ga rijiyarsu nan. Wani dagaci ya ce, "Ikon Allah, har kukar gonata!"

Kuna tsammani Oga zai ji kunya? Zumbur ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ga wani laifin kuma! Tun zuwana na hana soka filas a na'urar gwamnati. Ka ga da idonka ya karya doka a gaban jama'a."

Ciyaman bai ajiye biron ba, don shi ma ya san wanda ya turo Oga. Ya matso da kujera ya ƙura wa allo ido. Ya ce, "Tsaya tukuna. Waɗannan huɗu-huɗun da nake gani a cikin filas ɗin, ba su ne ka ce bairos ba? Ya aka yi bairos ya zana mini burtali?"

Oga ya fara in'ina. Ciyaman ya waiwayo kaina.

"Tsalha, kana ofis ranar Litinin?"

Wannan karon na gaji da haɗiya. Na ce, "Ina nan, ranka ya daɗe. Bairos ɗin ga shi nan sanye da kwat, kuma a gabana ya danna."

Zaure ya ɗauki dariya. Oga kuwa, maimakon ya zauna sai ya gyara kwat, ya ɗaga murya yadda na bakin taga ma za su ji.

"A yi dariya, ba komai! Ni ƙa'idar aiki nake bi, kuma ko gobe haka zan yi. Duk abin da ka tarar zaune, ba a san daga inda ya fito ba, ba a san aikin da yake yi ba, sai cin wuri kawai, to gogewa ake yi nan take. Ba a tsayawa tambaya!"

Malam Barau ya mayar da filas ɗinsa cikin hula, ya kafa ta a ka. Sannan ya sunkuyo wajen Oga kamar mai ba da shawara, amma kowa ya ji.

"Rage murya, ɗana, ciyaman yana jinka, kuma biro na hannunsa. Tun da ka zo ofishin nan muke neman wanda ya san aikinka."