Nomau da Sandar Giyar Yaya Ilu

A garinmu Rafin Ɗinya, a bakin gangaren da ke sauka fadama, akwai gidan wasu 'yan'uwa biyu. Babban shi ne Ilu direba, mai tsohuwar a-kori-kurar da ke kai mana tumatir kasuwa, yana zaune da matarsa Tabawa. Ƙaramin shi ne Nomau, wanda ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga ladabi, ba ya ƙarya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, abin da kake nufi kuwa wannan ruwanka. Matarsa Hansai kaɗai ta iya aikensa. In za ta tura shi rijiya sai ta ce, "Tulu biyu, sannan ka tsaya," domin ranar da ta manta ba ta ce ya tsaya ba, har turmi da kaskon suya sai da ya cika su da ruwa.

To, sandar giyar motar Ilu doguwa ce, kuma ta yi nisa da kujera. Daga lamba ɗaya zuwa lamba biyu sai ya miƙa hannu can gaba ya jawo, kamar mai tuƙa tuwon biki. Shekara ashirin da bakwai yana haka, har kafaɗarsa ta dama ta gaji. Malamin asibiti ya ce in bai daina miƙa hannun nan ba, wata rana ko loma ba zai kai baki da shi ba. Tabawa ta sa kuka ta ce a sayar da motar. Ilu ya roƙi arziki a ba shi kwana goma, zuwa ranar da za a fara ɗiban tumatir. In an gyara sandar tafiyarta ta ragu, ya ci gaba da tuƙi. In ba a gyara ba, ya miƙa wa dillali makulli. Ya rantse a kan haka. Mu da muka san shi mun tausaya masa, don motar nan ita ce abokiyar hirarsa. Kuskurensa ɗaya shi ne da ya sa Nomau a cikin maganar.

Wata rana Ilu ya kira Nomau ya ce ya je Tsohuwar Kasuwa wurin Cindo bakanike, ya gaya masa ana son a rage tafiyar sandar. Ya ware hannayensa kamar taƙi ɗaya ya ce, "Kamar haka. Ka kai masa awon nan yadda yake." Nomau ya ware nasa daidai da na yayansa, ya kama hanya da su a gaba, mil uku. Ƙuda ya sauka masa a hanci, ya bar shi ya huta. Ya gamu da dagaci, ya durƙusa gaisuwa ba dafawa, saura kaɗan ya kifa. Can sai ga wata tsohuwa ta fito daga gona da ƙatuwar kabewa a ka. Ta ga mutum ya miƙo hannu biyu, ta sa masa albarka ta ɗora masa. Kabewa ta fi awo girma, hannaye suka buɗe. Ya kai mata har ƙofar gida, ta karɓi abarta, shi kuma ya wuce da sabon awonsa. Cindo ya dubi hannayen ya ce in haka Ilu yake so, sai an ƙara wa sandar tsawo ta fasa rufin mota. Da ya ji labarin kabewa, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Daga yau in za ka yi awo, ka yi da kara," in ji shi. "Kara ba ya buɗewa." Nomau ya adana wannan magana.

Wata rana kuma Cindo ya ce aikin nan ba ya yiwuwa da baki, sai ya gani da ido. Ya ce wa Nomau, "Ka je ka girgiza sandar, duk abin da ya motsa tare da ita ka kawo mini." Shi sandar yake nufi da 'yan ƙarafan da ke ƙarƙashinta. Motar Ilu kuwa birkin hannunta ya mutu tun tuni. A lamba ɗaya yake barin ta, hancinta na kallon gangare, don da safe ta tashi ba sai an tura ba. Nomau ya shiga ya girgiza sanda da ƙarfin da Allah ya ba shi, ta fita daga lamba ɗaya ta faɗa firi. Mota ta fara tafiya da kanta, ga barkonon Tabawa a shanye a kan bonet, ga akuya tana barci a baya. Ba ta tsaya ba sai a cikin lambun albasar wani maƙwabci, bayan ta kwashe masa shinge. Nomau ya fito ya zagaya yana lissafin abin da ya motsa. Ya aro shanun huɗa, ya ja mota har garejin Cindo, da akuyar, da shingen, da barkonon da ya tsince ɗaya bayan ɗaya. Mai lambu ya biyo shi a baya yana ta zazzaga masifa. Da suka iso, Nomau ya nuna shi ya ce wa Cindo wannan ma ya motsa, shi ya sa bai kore shi ba.

Wata rana, saura kwana biyu, Ilu ya zo garejin da kansa. Cindo na shirin tafiya suna a wani ƙauye, sai ya ba Nomau zarton ƙarfe. Ya ce ya cire kan sandar, ya yanke yatsa huɗu, Ilu ya gwada, in ba ta yi ba ya ƙara yanka har sai Ilu ya ce ya isa. Ilu kuwa kafaɗa ta matsa masa, ya tsallaka titi wurin wanzami a yi masa ƙaho, ya kwanta rub da ciki a gindin darbejiya. Nomau ya yanke yatsa huɗu, ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ya isa?" Injin niƙa na ta ruri a kusa, Ilu bai ji ba. Nomau ya jira kaɗan don ladabi, ya ƙara yanka. Ya sake tambaya, shiru. Haka ya yi ta yi, yana jera guntayen a kan kujera cikin tsari. Lokacin da Ilu ya dawo da shaidar ƙaho a baya, abin da ya rage na sandar bai fi babban yatsa ba. Ya kama da hannu biyu, ko motsi. Ashe sanda in ta gajarta tafiyarta na raguwa, amma tauri take ƙarawa, kuma wannan ta gajarta har ƙarti biyu ba sa iya sa ta a lamba ɗaya. Nomau na tsaye da zarto a hannu. "Yaya, har yanzu ba ka ce ya isa ba."

Ilu bai zage shi ba, kuma da zagin ya yi da ya fi mana sauƙin gani. Sabuwar sanda sai an aika birni, ba za ta iso kafin mako ba. Ya aika wa dillali ya zo jibi da safe. Sannan ya shiga motar ya zauna a kujerarsa, ya manne gwiwar hannu a jikinsa yadda ciwon ke lafawa, tafin hannun a kan cinya. Baƙin ciki ya cika shi, idonsa ya kawo ruwa. Nomau ya sunkuyo ya tambaye shi abin da zai yi yanzu.

"Ba abin da za ka yi, Nomau. Hannun nan ba zai ƙara zuwa wurin giya ba. Sai dai in giyar ce za ta zo wurin hannuna."

Nomau ya ce to. Ya je ya karyo karan dawa, ya kafa gindinsa a kan guntun sandar, ya tanƙwara shi ya kauce wa bakin kujera, ya sake tanƙwarawa, har ƙarshensa ya taɓa tafin hannun Ilu. Ilu ya ɗauka wani sabon shirme ne, bai ko ɗaga ido ba.

Wata rana, wato washegari, Cindo ya dawo daga suna ya tarar da Nomau a ƙofar gareji, da guntaye shida a aljihu da tanƙwararren kara a hannu. Ya ce Yaya ya ce giya ta zo wurin hannunsa, ga hanyar da za ta bi. Cindo ya yi ta bayani cewa ba a taɓa yin sandar giya haka ba. Nomau ya saurara da ladabi, ya sake miƙa karan. Da Cindo ya ga ba zai samu sukuni ba, ya kwance gindin sandar, ya kunna injin walda ya shiga liƙa guntaye. Duk inda ya so ya miƙar, Nomau ya ɗora kara ya ce ba haka awo ya ce ba. Abin da ya fito ya fi kama da ƙafar fara. Masu shayi da masu faci suka taru suna dariya, wani ya ce a rataye ta a gona ta kori tsuntsaye.

Ranar ɗiban tumatir dillali ya zo da sassafe, Tabawa da Hansai suka biyo Ilu garejin don su taya shi jimami. Ilu ya ce a bar shi ya zauna a ciki sau ɗaya kafin ya ba da makulli. Ya zauna, ya manne gwiwar hannu a jiki, sai ya ji wani abu ya taɓa masa tafi. Kan sandar ne, ya zo daidai inda hannun yake kwana. Ya taka kuloci ya tura kaɗan, lamba ɗaya ta shiga. Ya jawo, lamba biyu. Kafaɗa ba ta ma san ana yi ba. Cindo ya zo ya auna, ya ga karkacewar ta cinye tsawon yatsa huɗu, daidai abin da ya ce a yanke tun farko. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi tsawo ya yi ta dubawa, bai taɓa tunanin nisa ba.

Aka tura mota ta tashi. Ilu ya zagaya kasuwa sau biyu, ya dawo ya tsaya a gaban Tabawa. Ta dubi kafaɗar, ta dubi fuskarsa, ta juya ta ba dillali haƙuri da kanta. Ilu ya buɗe ɗaya ƙofar ya kira ƙanensa.

"Shigo mu je fadama, kwanduna na jira. Ka zauna kusa da ni. Amma don Allah kada ka taɓa komai."

Nomau ya shiga ya zauna, ya ɗaga hannu biyu a gaba yadda ba za su taɓa komai ba. Ilu ya fashe da dariyar da rabonsa da ita tun kafin ciwon. Sun kusa shan kwana Hansai ta biyo su da gudu tana kira, "Nomau, in kun isa fadama ka sauke hannun!"