Ƙibar Bintu a Talabijin Ta Bango

Ba zan taɓa mantawa da irin zullumin da na sha a kan jikin Ummi ba, 'yata ta fari. Tun da na haife ta siririya ce. Tana ci, tana wasa, ta yi tafiya da wuri, amma duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce kamar bai ɗauki komai ba. Ni kuma mutum ce mai saka abu a rai. A aji huɗu na tsaya a firamare, ban iya karanta abin da ake rubutawa a katin awo ba, ido kawai nake da shi. Kullum in na yi mata wanka sai na zagaya damtsenta da yatsu biyu, in ji ko an samu ƙari.

Muna zaune a unguwar Bolori, gidan surukaina kuma yana unguwar Bulabulin. Duk Juma'a nake kai Ummi wurin Hajja, uwar mijina, don takwararta ce. A wannan shekarar aka kawo wa Hajja talabijin ta bango, irin shafaffiyar nan, aka ɗauke tsohuwar mai ƙusumbi aka kai ɗakin Baba, mahaifin mijina. Ranar da na fara ganin sabuwar sai da na matsa kusa na taɓa ta. Mu a gida mai ƙusumbi muke da ita, wadda fuskar mutum take fitowa dishi-dishi, in ta fara yayyafi sai an ɗan mare ta a gefe. Wannan kuwa har gumin mai karanta labarai kana gani, har zaren ɗinkin hularsa. Na ce a raina, abin da ya iya nuna zare ba zai yi wa mutum ƙarya ba. (Ku riƙe wannan tunani nawa, shi ya kai ni ya baro.)

Mijina yana da yaya, Ya Kaltum, 'yar farin Hajja, tana aure a Gombe. Wata ɗaya muka haihu da ita, amma ban taɓa ganin 'yarta Bintu ba, kuma daga ni har Hajja ƙaramar waya muke riƙewa, ba ta hoto. Sai ga shi sun yi walimar tarewa a sabon gida, suka aiko da faifan bidiyo. Ummi tana da wata goma sha huɗu a lokacin.

Aka sa faifan bayan la'asar. Jama'a, sai aka nuno Bintu. Kumatu kamar an cusa mata lemo, ƙafafu dukum-dukum, wuya ma babu. Ita kanta Ya Kaltum ta cika laffaya fam. Na kalli Bintu, na kalli Ummi tana tsaye riƙe da kujera da 'yan ƙafafunta, na sunkuyar da kai.

Hajja ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce nonona ne ba ya karɓar yarinyar. Ta ce su Ya Kaltum za su zo bikin ƙanwar mijina nan da sati shida, za a jera yaran a gani, in Ummi tana nan yadda take to a yaye ta a bar mata ita ta yi kiwonta da kanta. Na ce to, don ba a ce wa Hajja a'a. A cikin keke muna komawa na ƙanƙame Ummi, na yi wa kaina alkawari ba wanda zai raba ni da ita, ko da zan yini ina ɗura.

Ɗurar kuwa na yi. Kunun gyaɗa da safe, ƙwai da hantsi, dankali da man shanu da rana, garin waken suya a cikin komai. Wata maƙwabciyata ta ce kifi busasshe, na daka. Wata ta ce ayaba da madara, na dama. Yarinya ta koma in ta hango ni da cokali sai ta shige ƙarƙashin gado. Babanta ya ce in sassauta, na ce shi ba a ce za a ƙwace masa komai ba. A sati na uku man shanun ya yi yawa, cikinta ya ɓaci, muka tafi asibiti. Malamar awo ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta ce nauyinta daidai yake da shekarunta, in daina azabtar da baiwar Allah. Na ce mata ai ba ta ga Bintu ba. Ta tambaye ni wace ce Bintu, na ce ta talabijin. Sai kawai ta kira ta bayana a layi.

Ana gobe ɗaurin aure na shirya Ummi. Riga biyu na sa mata, ta ciki mai kauri, a zafin garin nan. (Allah ya yafe mini.) Muka isa Bulabulin da azahar, falon Hajja cike da mata, turaren wuta ya turnuƙe. Ga Ya Kaltum a zaune, kusa da ita wata tsohuwa 'yar siririya da ban sani ba, tana jan carbi. A cinyar Ya Kaltum kuma ga wata yarinya 'yar firit, wadda ko Ummi ta fi ta cika ido.

Na gaishe su, na tambayi ina Bintu. Ya Kaltum ta ɗaga yarinyar ta ce ga ta.

Abin da ya kamata in ji shi ne daɗi. Amma wallahi tsoro ne ya kama ni. Yarinyar da na gani sati shida da suka wuce rabinta ya tafi, uwar ma ta zube. Na kalli Hajja, na ga ita ma idonta yana kan yarinyar, fuskarta ba walwala. Na san ba za ta yi magana ba, ba ta ko kama sunan Ya Kaltum saboda kunyar 'yar fari, balle ta nuna damuwa a gaban jama'a. Sai na ga ai ni ya kamata in ɗauke mata wannan nauyi. Ba wanda ya aike ni.

Na ce, "Ya Kaltum, wace irin cuta ce ta kama ku ba ku faɗa ba?"

Ta ce lafiyarsu ƙalau, ko mura ba su yi ba. Na ce a'a, kar ta ɓoye, nan duk gida ne. Na lissafa mata kunun gyaɗa da ƙwai da waken suya, ni da na zama gwana. Falon ya fara yin shiru, ni kuwa na ɗauka saurarona ake yi. Sai na rage murya, irin ragewar da kowa yake ji, na ce, "Ko dai tun da aka gama ginin nan maigidan ya rage cefane? In haka ne ki faɗa wa Baba, yunwa ba abin ɓoyewa ba ce."

Tsohuwar nan ta tsayar da carbinta. Ya Kaltum ta ce, "Maman Ummi, kina lafiya kuwa?"

Nan ne mai hankali zai yi shiru. Ni na ce a sa faifai kowa ya gani da idonsa. An yi sa'a akwai wuta, aka sa. Bintu ta fito da kumatunta, mata suka fara salati ƙasa-ƙasa, ni kuma na gyara zama kamar wadda ta ci shari'a. Ya Kaltum ta matsa kusa tana kallo, ta ce ikon Allah, rigar da ke jikin Bintu a faifan ai ita ce a jikinta yanzu, kuma ba a rage mata ko ɗinki ɗaya ba. Ban saurare ta ba. Can sai aka nuno wata ƙatuwar dattijuwa tana raba goro, ta kusa cika ƙofa. Ya Kaltum ta nuna ta ta ce ga Hajiyarsu nan, uwar mijinta, sannan ta nuna tsohuwar da ke gefenta.

Wato uwar mutumin da na ce yana horar da iyalinsa da yunwa, ita ce zaune kamu biyu daga inda nake. Kuma maimakon in nemi hanyar fita, bakina ya buɗe da kansa na ce, "Hajiya, har da ke?"

Dariyar da aka yi ita ta fito da Baba daga ɗakinsa. Aka ba shi labari, kowa da bakinsa. Ya kalli talabijin ɗin bangon ya ce shi tun ranar da aka kafa ta ya daina kallonta, don ya lura duk masu karanta labarai sun yi ƙiba dare ɗaya, har ya zaci albashi aka ƙara musu. Ya ce a ɗauko tasa. Shi da mijina suka cicciɓo mai ƙusumbi suna nishi, aka ajiye ta a ƙasa daidai ƙarƙashin ta bango, aka jona mata wayar bidiyon, aka mayar da faifan farko.

Hoton ya fito dishi-dishi kamar yadda ta saba, jan laffayar Ya Kaltum ya koma ruwan goro, furannin rigar Bintu ba ka rarrabe su. Amma Bintu ce sak, wannan ta cinyar uwarta, ba ƙari ba ragi. Hajiya ma ta dawo siririyarta. Baba ya sa aka sake mayar da wayar sama, ya nuna mana tiren shinkafa a hannun wata mata. A ƙasa tiren zagayayye ne, a sama ya miƙe kamar ƙwai. Ni da nake yabon kaina da lura, na ƙirga ƙudan da ke kan tiren nan tun ranar farko, amma ban ga tiren ya canja siffa ba.

Ya Kaltum ta karɓi rimot ta danna wani wuri sau biyu. Sai baƙi ya fito a gefen dama da hagu, hoton ya tsuke a tsakiya, kowa ya koma girmansa, ga shi tar har gashin idon Bintu. Nan Hajja ta ce a'a, wannan baƙin ai ita ta sa aka cire shi ranar da aka kafa talabijin ɗin, ta ce wa mai haɗawa ba za a kawo abu mai faɗi haka a bar gefensa ba kowa ba, ya ja hoton ya cika ko'ina. Ta faɗa ne ko a jikinta, kamar labarin wani gida. Na buɗe baki, mijina ya dube ni, na rufe.

Na rarrafa gaban Hajiyar Gombe na durƙusa, na ce ta yafe mini, yarinta ce. Ta ce a miƙo mata Bintu, ta ɗaga ta, ta ajiye. Ta ce a miƙo Ummi, ta ɗaga ta, ta ji rigar ciki, ta sa aka cire a gaban kowa (wannan ma wata kunyar ce daban), ta sake ɗagawa. Sannan ta juya wurin Hajja ta ce, "Ai takwararki ta fi tamu nauyi. Ko mu za mu bar muku Bintu, wannan likitar taku ta yi mana kiwo?"

Hajja ta karɓi Ummi ta jijjiga ta a hannu, irin yadda ake gwada kankana a kasuwa. Ta ce yaye ba gaggawa, a bar yarinya ta sha nononta har ta cika wata ashirin. Iyakar abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Na fita bayan gida na yi kuka, rabi na kunya rabi na daɗi, na wanke fuska na dawo na kama yankan albasa, don a can ba mai tambayar jan ido.

Har yau a dangin mijina Likita ake kirana. In Ya Kaltum ta bugo waya, kafin ta gaishe ni sai ta ce in kwantar da hankalina, sun ci sun ƙoshi. Mijinta kuwa ban yarda mun haɗa ido ba tun daga ranar, in ya shigo ta ƙofar gaba ni ina madafa.

Abin da na koya shi ne, abu yana iya nuna maka komai tar-tar kuma ya karkatar da shi, wani kuma ya nuna maka dishi-dishi amma daidai. Na kuma koyi cewa in manya suka yi shiru a falo, ba jira suke in yi magana a madadinsu ba.

Roƙona gare ku ɗaya ne, musamman iyaye mata irina. Don Allah kar ku auna ɗanku da ɗan da kuka gani a talabijin ko a waya. Ku kai shi awo, in malamar ta ce lafiyarsa lau ku yarda da ita. In kuma kun ga ɗan wata ya yi muku kamar ya rame, ku ɗauke shi a hannu tukuna, ku kuma tambayi wace ce tsohuwar da ke zaune a gefe kafin ku ce komai.